Haƙƙin Mai Ciwon Lupus a Kanmu

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai jarraba bayinSa da lafiya da rashinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwa, akwai wata baiwar Allah da nake so mu yi magana a kanta yau. Tana iya kasancewa a Mabera ko Runjin Sambo a nan Sakkwato, tana iya kasancewa cikin gidanka. Yau ta tashi garau, ta yi shara, ta ɗora tukunya. Gobe gaɓoɓinta sun kumbura, ko buta ba ta iya ɗagawa. Zazzaɓi ya zo a ce maleriya ce, ya dawo a ce taifot ne. Gashinta na zuba, bakinta na yin miki, wasu ƙuraje sun shimfiɗu a kumatu biyu sun haɗe ta karan hanci. Gajiyarta kuwa barci ba ya raba ta da ita. Daga nan sai bakuna su buɗe. Uwar miji ta ce son jiki ne. Maƙwabciya ta ce iska ce. Dangi su ce ai da ma, tun da aka yi mata kishiya.

Likitoci suna da sunan wannan ciwo: lupus. Allah Ya halitta mana garkuwar jiki don ta yaƙi ƙwayoyin cuta, to a nan garkuwar ce ke rikicewa, kamar mai gadin da ya juya sandarsa kan masu gida. Sai ta afka wa fata da gaɓoɓi da jini, wani lokaci har ƙoda da zuciya da ƙwaƙwalwa. Cikin mutum 10 masu shi, kusan 9 mata ne, galibi daga shekara 15 zuwa 45, kuma ya fi yawa da tsanani ga baƙar fata. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare, ko kwanciya, ko musafaha. Halinsa ne ya lafa ya taso, shi ya sa ake ƙaryata mai shi.

Ku ji tsoron Allah game da harsunanku. Alƙur'ani ya gargaɗe mu kan yawan zato, ya sanar da mu cewa wani zaton zunubi ne. Wanda ya ce wa marar lafiya langaɓewa take yi, ya haɗa mata ciwo biyu. Wanda ya ɗora wa kishiya sammu ba tare da hujja ba, ya zalunci mata biyu lokaci guda, ya kuma raba 'ya'yan uba ɗaya. Me za ka faɗa gobe kiyama idan aka ce kawo shaidarka?

Ba na hana kowa addu'a ko ruƙiyya ta shari'a. A yi, a yawaita. Amma mu mutanen wannan gari bai kamata a koya mana cewa neman magani addini ne ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, da ɗawainiyar daula a wuyansa ya zauna ya rubuta littattafai kan magani, har da ciwon ido da basir. Jikokin almajiransa ne za su bar mace tana kumbura a ɗaki ana ta turare? Idan kun ga ƙafafu da fuska na kumbura, ko fitsari na kumfa, to ƙoda ce ke kuka, kuma jinkiri a nan yana iya kai mutum ga wankin ƙoda. Ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga Asibitin Ƙwararru. A je, a faɗa wa likita duk alamomin tun daga farkonsu, a yi gwajin jini da na fitsari.

Har yanzu ba a samu maganin da ke raba mutum da lupus gaba ɗaya ba, amma akwai masu kwantar da shi har mace ta yi karatunta, ta yi sana'arta. Ɗaya daga cikinsu, hydroxychloroquine, ɗan'uwan kulorokwin ɗin da muka sani ne, mai shansa yana buƙatar a riƙa duba idonsa. Wani kuma, prednisolone, haɗari ne a yanke shi farat ɗaya. To kai mai cewa "ai kin warke, ajiye ƙwayoyin nan," ka san kana iya jefa rai cikin halaka. Haka mai kawo jiƙo a gora wanda ba a san abin da ke ciki ba, da mai sayo maganin ciwon jiki a kemis kullum, ƙodar da ake lallaɓawa suke ƙara wa nauyi.

Sai rana. Mun san ranar Sakkwato a Afrilu da Mayu, zafi na wuce digiri 40. Hasken rana yana tayar da wannan ciwo. Malam, kada ka aike ta kasuwa da azahar. Hajiya, a bar mata aikin inuwa, shanya da ɗiban ruwa wani ya yi. Idan ta riƙe lema, ba yanga ba ce.

Azumi ma Allah Ya yi wa marar lafiya rangwame. In likita amintacce ya ce azumi zai cutar da ita, ta sha, ta rama idan ta samu sauƙi, kada wani ya harare ta.

Ya ku mazaje, nan ne maganar ta fi yi mini nauyi. Mace ta shigo gidanka da lafiyarta, ta yi maka hidima, ciwo ya same ta, sai ka ce ta tafi gida ta yi jinya, daga nan takarda ta bi ta. Wannan ba halin mumini ba ne. Masu lupus suna aure, suna haihuwa. Abin da likitoci ke so shi ne a tsara cikin, a ɗauke shi bayan ciwon ya lafa kamar wata 6, a riƙa zuwa awo. Wasu suna yawan ɓari saboda jininsu na saurin daskarewa, kuma akwai maganin da ake ba su. Ka raka ta asibiti da ƙafarka, ka ji bayanin da kunnenka.

Jinyar nan doguwa ce, tana cinye aljihu. Gaishe da marar lafiya yana cikin haƙƙoƙin da Manzon Allah ya ɗora wa musulmi kan ɗan'uwansa, amma mun saba mu je sau ɗaya mu ce "Allah Ya sawwaƙe," shi ke nan. Mai kuɗi ya ɗauki nauyin maganin wata guda, ba sai an ji ba. Mai Keke Napep ya kai ta ranar ganin likita. Kwamitin masallaci ya rubuta wa Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha a madadin wadda ba ta da mai tsaya mata. Ku kuma malamai mata na Islamiyya, magadan Nana Asma'u da 'Yan Taru, ku ne ke shiga ɗakunan da mu ba mu shiga. Ku haɗa masu wannan ciwo su san juna, domin wadda ta shekara goma da shi ta fi kowa sanin abin da za ta faɗa wa wadda aka gaya wa jiya.

Ranar 10 ga Mayu ce duniya ta ware don lupus tun 2004. Ina roƙon limamanmu su gayyato likita a Juma'ar da ta fi kusa da ita, ya yi bayani bayan salla, a kuma shirya wa mata nasu zaman daban inda za su yi tambaya ba kunya.