Ɗana, Kada Awon Sukari Ya Mantar da Kai Kitsen Jini

Ɗana, ba ni aron hankalinka. Na san ƙoƙarin da kake yi tun ranar da likita ya ce kana da ciwon sukari. Ka sayi na'urar awo, kana huda yatsa da sassafe, ka rage malmalar tuwo, ka haƙura da shayi mai zaƙi. Allah ya yi maka albarka, ka kyauta wa kanka da iyalinka. Amma ina da tambaya, kuma ina so ka amsa tsakaninka da Allah: yaushe rabon da a auna kitsen jininka? Da yawa daga cikin masu wannan ciwo, in ka tambaye su sukarinsu na jiya, nan take za su faɗi lamba. In ka tambaye su kolestarol, sai su ce ai su ba su da ƙiba, ko kuma su ce likita bai taɓa yi musu zancen ba.

To ka sani, abin da ya fi ɗaukar ran masu ciwon sukari shi ne ciwon zuciya da toshewar jijiyoyin jini. Wannan ba sabon labari ba ne a wurin likitoci. A 1948 aka fara bibiyar lafiyar mutane sama da 5,000 a garin Firamingham da ke Amurka, ana auna su duk bayan shekara biyu. Zuwa 1979 an fitar da sakamakon da ya nuna cewa mai ciwon sukari, haɗarin kamuwarsa da ciwon zuciya da jijiya ya kai ninki biyu na wanda ba shi da shi, a wajen mata ma abin ya fi haka. Binciken da aka yi daga baya a ƙasashe da dama sun zo da irin wannan magana.

Kolestarol shi kansa ba dafi ba ne. Jiki na bukatarsa wajen gina ƙwayoyin halitta da haɗa ruwan maɗaciya, kuma hantarka ce ke ƙera mafi yawansa, ko ka ci nama ko ba ka ci ba. Shi ya sa ake samun siririn mutum da kolestarol mai yawa, musamman in ya gada. Tun da mai ba ya gauraya da ruwa, jini na ɗaukar kolestarol ne a cikin wasu ƙananan ƙunshi. Akwai wanda ake kira LDL, mai kai shi sassan jiki, shi ne mai ɓarna in ya yi yawa. Akwai HDL, mai kwaso wanda ya rage ya mayar wa hanta. Sai kuma na uku, tiraigilisaraid, wato kitsen da jiki ke tarawa daga rarar abin da ka ci.

Ciwon sukari na hargitsa ukun nan gaba ɗaya. Idan jiki ya daina jin insulin yadda ya kamata, kitsen da ke ajiye a ciki sai ya riƙa kwarara zuwa hanta, ita kuma ta sarrafa shi ta sake shi cikin jini. Tiraigilisaraid ya hau, HDL ya sauka, LDL kuma ya koma ƙanana masu saurin kutsawa bangon jijiya. Ga shi kuma yawan sukari ya riga ya ƙuje fatar cikin jijiyar. Sai LDL ya shige ƙarƙashinta ya taru, wurin ya kumbura kamar maruru da ke nuna a hankali, sai dai shi wannan ba ya zafi. Shekara da shekaru yana nan yana matse hanyar jini. Ranar da ya fashe, jini ya daskare a kansa, cikin 'yan mintoci hanya ta toshe. In a zuciya ne, shi ne bugun zuciya. In a ƙwaƙwalwa ne, shi ne shanyewar ɓarin jiki da mutane ke ɗora wa iska ko jifa. In a ƙafa ne, shi ne gyambon da ya ƙi warkewa har a kai ga yankewa.

Mun saba cewa jiki magayi, amma a wannan sha'ani jiki ba ya faɗa sai aski ya zo gaban goshi. Yawan kitsen jini ba ya sa ciwon kai ko jiri, gwaji ne kawai ke tona shi. Saboda haka ka je asibiti ka ce a yi maka gwajin kitsen jini, wanda 'yan lab ke kira lifid furofayil, ka riƙa maimaitawa sau ɗaya a shekara ko yadda likita ya tsara. Wani lokaci za a ce ka zo ba ka ci komai ba na awa 8 zuwa 12. In kana allurar insulin ko shan ƙwaya mai saukar da sukari da ƙarfi, ka tambayi yadda za ka yi da maganinka a wannan safiya, kada sukari ya faɗi maka a kan layi.

Idan takarda ta fito, kada ka ninke ta ka jefa a aljihu. Ka zauna ka duba lambobinka. Ga mai ciwon sukari, ana so LDL ya kasance ƙasa da 100 a ma'aunin miligiram, wato 2.6 a ma'aunin milimol. In akwai ƙarin haɗari, kamar hawan jini, shan taba ko matsalar ƙoda, ana neman ƙasa da 70, wato 1.8. Wanda ya taɓa bugun zuciya ko shanyewar jiki kuwa, likitoci na son saukar da shi ƙasa da 55, wato 1.4. Tiraigilisaraid ana so ya tsaya ƙasa da 150, wato 1.7. In ya haura 500, sai a ji tsoron kumburin fankiriyas, sashen jikin nan mai samar da insulin, ciwo mai tsanani da ke kwantar da mutum a asibiti. HDL shi ne ake so ya yi sama, ya wuce 40 ga namiji, 50 ga mace. 'Yan'uwanmu na Nijar sukan ga sakamakonsu a giram, inda 100 ke zama 1, 70 kuma 0.70.

Yanzu mu shiga kicin. Za ka ga jarkar mai a kasuwa an rubuta babu kolestarol a ciki. Kada wannan ya ruɗe ka, domin duk man da ya fito daga tsiro ba shi da kolestarol tun asali, har da manja. Abin da ke sa LDL ya hau shi ne kitse mai daskarewa, kuma gane shi ba wuya: duk man da in ya huce, ko sanyin hunturu ya buge shi, sai ya yi tauri. Man shanu fiye da rabinsa irin wannan kitse ne, manja kusan rabi, man gyaɗa kuwa wajen kashi ɗaya cikin biyar. Don haka man shanun da ake malala wa tuwo har ya yi tafki, ka mayar da shi ɗan ɗigo na ƙamshi, shi ma ba kullum ba. In ka je wajen mai nama, kada ka ce a haɗa maka da tozo da kitse. Ka zaɓi tsoka. Fatar kaza, kayan ciki da ƙwaƙwalwa su zama abin marmari. Man da aka yi ta suya a cikinsa har ya yi baƙi, da bota mai tauri, da biskit da kek na kanti, ka yi nesa da su.

Tiraigilisaraid kuwa, abin da zai ba ka mamaki, zaƙi da gari sun fi tayar da shi a wajen mutane da yawa. Lemon kwalba, zoɓo da kunun da aka cika wa sukari, fura da aka zuba wa cokali uku, farin burodi, tulin farar shinkafa, duk rarar da jiki bai ƙona ba hanta na mayar da ita kitse. Zuma ma zaƙi ce, dabino ma haka, kada darajarsu ta sa ka sha babu lissafi. Giya na cikin manyan masu tayar da shi. Kuma galibi idan sukarinka ya daidaita, tiraigilisaraid na biyo shi ƙasa.

Ban ce ka zauna da yunwa ba, Allah ya hore mana abinci mai kyau a ƙasarmu. Wake na rage kolestarol, ko dafaffe ko alale. Miyar kuɓewa da ta kuka, kwaɗon zogale da na rama, alayyafo, yakuwa, gero da dawa da ba a surfe su fes ba, acca, gyaɗa cikin tafin hannu ɗaya, kifi sau biyu a mako, gasasshe ko dafaffe, musamman mai maiƙo irin su sadin da taitus. Rabin kwanonka ya zama ganye. Lokuta biyu ne na fi ji maka tsoro: buɗa-baki a watan azumi, inda ake jera ƙosai da soyayyen dankali da kunu mai zaƙi a tabarma ɗaya, da kuma bayan layya, inda ake kwashe makonni ana cin soyayyen nama safe da yamma. Ka ci rabonka, ka raba saura.

Ka motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar minti 150 a mako, wato tafiyar rabin awa da ɗan sauri kwana biyar. Masallacin da kake hawa babur ka je, ka taka da ƙafa, da takalmi mai kyau saboda ƙafar mai ciwon sukari ba ta son rauni. In kana da teɓa, rage kilo 5 daga cikin 100 ma na sauke tiraigilisaraid. Taba kuwa, ko sigari ko shisha, babu sassauci a kanta. Ka bar ta.

Sai maganar da na san za ka yi mini gardama a kai, wato ƙwaya. Za ka ce magunguna sun yi maka yawa, ga na sukari, ga na hawan jini. Ka saurara. Akwai rukunin magani da ake kira statin, irin su atorvastatin, rosuvastatin da simvastatin, masu rage yawan kolestarol da hanta ke ƙerawa. Wani masani ɗan Japan, Akira Endo, ya fara gano asalinsu a jikin fumfuna a shekarun 1970, na farko kuma ya shiga kasuwar Amurka a 1987. A 2004 aka fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a Birtaniya da Ailan a kan masu ciwon sukari 2,838, waɗanda ba su taɓa ciwon zuciya ba, kuma kolestarol ɗinsu bai yi wani hawa ba. An ba rabinsu atorvastatin miligiram 10 kullum. Bugun zuciya da danginsa ya ragu da kashi 37 cikin 100 a wajen masu shan maganin, shanyewar jiki kuma da kashi 48. Amfanin ya fito fili har aka tsayar da gwajin kusan shekara biyu kafin wa'adinsa. Wannan ne ya sa ƙungiyar likitocin ciwon sukari ta Amurka ke ba da shawarar statin ga mai ciwon sukari ɗan shekara 40 zuwa 75, ko da lambarsa ta yi kyau a takarda. In likita ya rubuta maka, kada ka ɗauka ya yi kuskure ne.

Kuma in ka fara, kada ka daina don gwaji ya nuna LDL ya sauka. Maganin ne ya sauke shi, kana bari zai koma inda ya fito. Sau ɗaya ake sha a rana, don haka ko azumi ba ya hana shi. Wasu kan ji ciwon tsoka. In ya same ka, ka koma wurin likita ya rage ko ya canza maka, kada ka ajiye a ɓoye. In ciwon ya tsananta, ko fitsari ya yi duhu kamar shayi, ka tafi asibiti a ranar. Ka gaya wa likita duk abin da kake sha, domin wasu magunguna, kamar clarithromycin, ba sa shiri da wasu statin. Kada ka shiga kemis ka saya don maƙwabcinka na sha. Masu yawo da lasifika suna tallan ruwan wanke jini da narkar da kitse kuwa, ka riƙe kuɗinka, ka tausaya wa ƙodarka da hantarka.

Ke kuma 'yata, maganar nan ta shafe ki sosai. Kariyar da mata kan samu daga ciwon zuciya kafin daina al'ada, ciwon sukari na rage ta ƙwarai. In kina da ciki, ko kina neman haihuwa, ko kina shayarwa, ki faɗa wa likita, domin galibi ana dakatar da statin a wannan lokaci. Kuma ludayin yana hannunki. In maigida ne ke da ciwon, kada ki ware masa tukunyarsa shi kaɗai kamar wanda ake horo. Rage mai da gishiri da zaƙi alheri ne ga duk gidan, har da yaran da wataƙila sun gaji halin jikin.

Ku riƙe wannan ku duka biyu. Ciwon sukari na kashe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, don haka bugun zuciya kan zo wa mai shi ba tare da ciwon ƙirji mai tsanani ba. Nauyi a ƙirji, zafi mai sauka a hannu ko muƙamuƙi, gumi mai sanyi, haki ba dalili, ko ƙuna a saman ciki da za ka ce olsa ce ta tashi, duk ba abin jira ba ne. Haka karkacewar baki, nauyin harshe, ko mutuwar hannu. A nemi mota a tafi asibiti nan take, a yi addu'ar a hanya.

A ƙasar Denmak an bibiyi masu ciwon sukari 160 har shekara 21. Waɗanda aka kula da sukarinsu da hawan jininsu da kitsen jininsu gaba ɗaya, tare da gyaran abinci da barin taba, sun fi sauran tsawon rai da kusan shekara 8. Rai na hannun Allah, babu mai ja, amma shi ya umarce mu da riƙon sababi, kuma jikin nan amana ce da za a tambaye ka. Kada makon nan ya ƙare ba ka je an ɗebi jininka ba, kuma in ka karɓi takardar, ka zaunar da likita ya yi maka bayanin kowace lamba. Allah ya ba ka lafiya mai amfani, ya ja kwananka cikin alheri, ya sa ka ga auren jikokinka da ƙafafunka biyu.