SA HANNU SHAIDA NE: AMANAR MAI DUBA GINI

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana matasa, yau maganarmu a kan wani ma'aikaci ce wanda ba a faye jin sunansa a wurin wa'azi ba, watau mai duba gini na ƙaramar hukuma ko na hukumar tsara birane. Tambayar ita ce: idan ya sa hannu a kan takardar ginin da bai inganta ba, ginin ya faɗo ya kashe mutane, shin yana da kaso a cikin jininsu, ko kuwa shi biro kawai ya riƙe?

Mu fara da sanin aikin. Kafin a haƙa tushe, mai gida zai kai taswirar gininsa ofis. Mai duba taswira zai ga ko ƙasar wurin za ta ɗauki nauyin, ko ginshiƙai da rodin da aka rubuta sun isa hawan da ake nufi, ko an bar hanya da magudanar ruwa, ko akwai mafita in gobara ta tashi. In an fara aiki, sai mai duba gini ya zo da ƙafarsa, ya ga tushe kafin a rufe, ya ga ɗaurin rodi kafin a zuba kankare. Me ya sa sai kafin? Domin da zarar kankare ya rufe rodi, babu idon da zai sake ganinsa. Rodi mai milimita 12 da mai milimita 16 a ido kusan ɗaya ne, amma ƙarfen da ke jikin na 12 kaɗan ya ɗara rabin na 16. Kankare kuma sai ya kai kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa. Wanda ya zo haya bayan shekara biyu, fenti kawai zai gani. Ya kwantar da 'ya'yansa a ƙarƙashin dakin nan ne saboda ya yarda wani ya duba masa.

To, wannan shi ake kira amana. Allah (S.W.T.) Ya umurce mu a Suratun Nisa'i, aya ta 58, da mayar da amanoni ga masu su. Masu wannan amana kuwa su ne ɗan haya, da ɗalibi, da lebura, da mai wucewa a gindin bango.

Kada wani ya ce wannan aikin boko ne, babu ruwan addini da shi. Wallahi Musulunci ya san shi tun da daɗewa, a ƙarƙashin hisba. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya wuce tarin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki, ya ji danshi a ƙasa, sai ya tuhumi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, kuma ya barranta daga mai algus. Ku lura, bai tsaya ga kallon sama ba, hannu ya sa. Imamul Mawardi, wanda ya rasu shekara ta 450 bayan Hijira, ya ambata a cikin Al-Ahkamus Sulɗaniyya cewa muhtasibi yana hana gini a kan hanyar jama'a, ya sa a rushe shi ko da masallaci ne. Malaman Malikiyya da Hanafiyya kuma sun ce wanda bangonsa ya karkata, aka gargaɗe shi, ya samu dama bai gyara ba, har ya faɗa wa wani, to lamuni yana wuyansa.

Ga misali daga ƙasar Musulmi. A Bangaladash, garin Savar kusa da Daka, akwai wani bene mai hawa 8 da ake kira Rana Plaza, wanda aka ƙara masa hawa na sama ba da izini ba. Ranar 23 ga Afrilu 2013 aka ga bango ya tsage. Banki da shagunan da ke ƙasa suka rufe, amma aka tilasta wa masu ɗinkin tufafi su koma bakin aiki. Washegari ginin ya rufta, mutum 1,134 suka mutu. A nan gida, ranar 1 ga Nuwamba 2021 bene mai hawa 21 ya faɗi a Ikoyi ta Legas, sama da mutum 40 suka rasu, har da mai ginin. Ranar 12 ga Yuli 2024 ginin wata makaranta ya rufta a Jos, mutum 22 suka rasu, akasarinsu ɗalibai. Allah Ya kiyaye mu.

Na san abin da wasu za su ce: ai ƙaddara ce, kwanansu ne ya ƙare. Na'am, babu ran da zai fita sai da izinin Allah. Amma ƙaddara ba ta wanke mai laifi, in ba haka ba da ɓarawo ma ya kafa hujja da ita gaban alƙali. Sayyidina Umar (R.A.) da ya ji annoba ta ɓarke a Sham, juyawa ya yi da jama'arsa, ya bayyana cewa daga ƙaddarar Allah yake gudu zuwa ƙaddarar Allah. Wanda ya rage siminti ya ƙara yashi, sannan ya ce Allah ne Ya kawo, wannan ya haɗa ha'inci da rashin kunya ga Ubangijinsa.

Wani zai ce: ni ban karɓi cin hanci ba, goro aka ba ni. Haba ɗan'uwa! Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka, ya dawo ya ware wani abu ya ce kyauta aka yi masa. Manzon Allah (S.A.W.) ya hau mumbari ya tsawatar, ya nuna cewa da ya zauna gidan iyayensa ai da ya ga ko kyautar za ta zo. Kai ma ka tambayi kanka: ɗan kwangilar nan ya taɓa aiko maka da buhun shinkafa kafin a ba ka ofis? Ran da aka yi maka canjin wurin aiki, zai ƙara gaishe ka?

Wani kuma zai ce: albashi ba ya kai wata, kuma in ban sa hannu ba, na gaba da ni zai sa. Maganar albashi gaskiya ce, kuma hukumar da ta bar ma'aikacinta da yunwa, ba ta ba shi ko abin hawan zuwa duba aiki ba, za ta amsa nata a gaban Allah. Amma yunwarka ba ta halatta maka ran ɗan wani. In wani ya sa hannu, shi zai ɗauki kayansa. Sa hannunka cewa kake yi: na gani, ya inganta. In ba ka gani ba, ko ka ga akasin haka, ka yi shaidar zur. A hadisin Abu Bakrata, Manzon Allah (S.A.W.) yana kishingiɗe yana lissafa manyan zunubai, da ya zo kan shaidar zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka yi fatan ya yi shiru. Saboda haka amsar tambayarmu ita ce: e, yana da kaso, gwargwadon saninsa da sakacinsa.

Akwai kuma zalunci ta ɗaya gefen. Ma'aikacin da zai danne takardar talaka wata shida don a zo a gan shi, ko ya shafa jan fenti a bangon bazawara alhali ya kau da kai daga benen mai kuɗi da ya toshe kwata, shi ma maci amana ne. Wasu malamai sun yi rangwame ga wanda aka tilasta ya bayar don ya karɓi haƙƙinsa tsantsa, zunubin na kan mai karɓa. Amma wanda ya bayar don a rufe ido ga gininsa mai aibi, wannan yana cikin la'anar da ta zo a hadisin Abu Dawuda da Tirmizi a kan mai bayarwa da mai karɓa.

Ya ku matasa, kada jin wannan ya sa ku gudu daga aikin. In masu tsoron Allah suka bar ofis, wa kuke so ya zauna? Ku karanta injiniyanci da zanen gini, ku ƙware. In aka ba ka aikin, ka je wurin da kanka, ka ƙirga rodi, ka rubuta abin da ka gani da kwanan wata, ka ajiye kwafi. In kai birkila ne ko kafinta, aka ce ka rage ko ka cire katakon dakin kafin lokaci, ka faɗi gaskiya ko da za a sallame ka. Wanda kuma ya san ya taɓa sa hannu a kan ginin da ke tsaye yau bisa ha'inci, istigfari kaɗai bai isa ba. Ya je ya sanar tun mutanen ciki suna da rai.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, Ya tsare mu daga cin haram, Ya sa mu cika da imani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.