Jikin Ɗan Wasa da Idon Mai Kallo

Mayar da mutum haja, wato a daina kallonsa a matsayin mai hankali da mutunci, a riƙa auna shi da surar jikinsa kamar kayan kasuwa, matsala ce da finafinan Kannywood suka kawo har shagunan cajin waya na Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi a jihar Zamfara, inda matashi ke miƙa memori a tura masa waƙa, yana ambaton sunan jarumar da ta yi rawar maimakon sunan fim ɗin. Ko da yake Zamfara ce ta fara ayyana shari'a a 1999, Kano kuma ta kafa hukumar tace finafinai a 2001, matakan sun fi karkata ga suturar mace fiye da kasuwar da ke cin riba da farar fatarta, kasuwar da ta sa man bilicin ya zama jari. Namiji ma bai tsira ba, domin ana tallata shi da kyan fuska da tsadar shadda, sai dai shi ba kasafai ake tuhumarsa ba. Da ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori jaruma Rahama Sadau a 2016 saboda bidiyon waƙar da ta yi da mawaƙi ClassiQ, a kanta surutun ya tare. Alhali Suratun Nur ta umarci maza da runtse ido a aya ta 30, kafin ta juya ga mata a ta 31, don haka mai kallo da furodusa suna da nasu kason na alhakin.