Goben da Aka Zana Ba Tare da Mu Ba

Malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, ina roƙon ku yi mini haƙuri, don abin da na kawo muku a wannan fitowa ba waƙa ba ce, ba kuma nahawu ba ne. Magana ce a kan bangon littafi, watau hoton nan da a ke zanawa a waje don a jawo hankalin mai saye.

Asalin maganar shi ne, ran nan na tsaya wurin wani mai sayar da tsofaffin littattafai a bakin kasuwa, irin waɗanda su ke baza hajarsu a kan buhu, sai idona ya faɗa kan wani ɗan littafin Turanci na ƙagaggen labarin kimiyya, takardunsa duk sun yi ja don tsufa. A bangonsa an zana kumbo mai tsini kamar mashi, tsaye bisa wata jar ƙasa, sama baƙa ƙirin, ga wata ƙatuwar duniya ta cinye rabinta. Ban ko nemi ragi ba na biya. Da na komo makaranta na nuna wa wata 'yar ajinmu ina ta murna, sai ta dube shi, ta ce, "Malam, kai da ba ka da hira sai ta zagin mulkin mallaka, ashe in an kai shi sama sai ya burge ka? Duba da kyau, ka nuna mini mai kama da kai a cikin wannan goben tasu." Na duba. Mutum uku ne a gindin kumbon, kuma ta cikin hulunansu na gilashi ana ganin duk Turawa ne. Tun ranar na ke tambayar kaina: shin ya halatta mutum ya ji daɗin hoton da aka zana duniyar gobe a ciki, aka manta da shi, ko ma aka fitar da shi da gangan?

Bari in fara da ba masu zanen haƙƙinsu. Wannan sana'a ta kafu sosai a Amurka a watan Afrilu na 1926, lokacin da Hugo Gernsback ya fito da mujallar Amazing Stories, wadda ita ce ta farko da ba ta buga kome sai irin waɗannan labarai. Takardar ciki mai araha ce, mai saurin ruɓewa, kuɗinta kwatan dala. Bangon ne kaɗai a ke bugawa a takarda mai sulɓi da launi, domin shi ne ɗan talla. Shi zai yi kokawa da sauran mujallu a rumfar mai jarida. Har ma wani lokaci hoton a ke fara zanawa, sa'an nan a nemi marubuci ya ƙago labarin da zai dace da shi. Wanda ya zana bangon farko shi ne Frank R. Paul, haifaffen ƙasar Ostiriya, wanda ya koyi zanen gine-gine. A ciki ya nuna mutane suna zamiya a kan ƙanƙara, Zuhalu kuwa, duniyar nan mai zobe, ta tokare sararin sama a bayansu. Wanda duk ya ƙura wa aikin Paul ido zai lura da abu guda: mutanensa sandararru ne kamar an sassaƙa su da itace, amma injunansa da biranensa, kai, har ƙusoshi za ka iya ƙirgawa. Sai ya shafa wa sama ja ko rawaya ba tare da jin kunyar kowa ba. A wancan zamani ba a taɓa harba ko gwangwani zuwa sararin samaniya ba. Sai a 1957 Rasha ta harba Sputnik. Mutumin nan daga kansa ya ciro abin da ido bai taɓa gani ba, ya ajiye shi gaban yaro mai kwatan dala. Ni dai ban iya raina wannan ba.

Za a ce ai duk ƙarya ce, don goben da su ka zana ba ta zo ba. A nan ne na ke so a rarrabe tsakanin ƙarya da kuskure. Ku ɗauki Chesley Bonestell, wanda ya zana banguna da dama na waɗannan mujallu. Shahararren zanensa, wanda mujallar Life ta buga a 1944, ya nuna Zuhalu kamar yadda mai tsayuwa a kan Titan, babban watanta, zai hange ta: siririya kamar jinjirin wata, rataye a shuɗin sama, bisa duwatsu masu ƙanƙara. Bai zana da ka ba, sai da ya auna nisa da kusurwa gwargwadon abin da masana taurari su ka sani a lokacin. To, a 1980 kumbon Voyager 1 ya wuce ta kusa da Titan, sai ga ta lulluɓe da hazo ruwan lemo, wanda hazon hunturunmu ba ya ko kama ƙafarsa. A 2005 kuma na'urar Huygens ta sauka a kanta. Ashe wanda ya tsaya a can ba zai ga shuɗin sama ba, Zuhalun ma hazo ya rufe ta. Haka nan duwatsun wata da ya riƙa zanawa masu tsini kamar haƙoran zarto, da 'yan sama jannati su ka fara zuwa a 1969 sai aka tarar tuddai ne masu laushin baya. Ya yi ƙarya ke nan? A'a. Maƙaryaci ya san gaskiya ya ɓoye ta. Bonestell ya kai iyakar saninsa, ya tsaya a bakin gaɓa, ya miƙa hannu. Wannan irin kuskure har ƙara wa hoton daraja ya ke yi a idona, don ya zama shaidar yadda ɗan Adam ya yi zato kafin ya gani.

Amma akwai kuskure na biyu, wanda shi 'yar ajinmu ta ke nufi, kuma shi ba a kan taurari ya ke ba, a kan mutane ne. A bangunan Startling Stories na shekarun 1940, Earle Bergey ya kan zana namiji a rufe ruf cikin rigar sama jannati, mace kuwa a gefensa daga ita sai ɗan ƙarfe a ƙirji, sau da yawa wani dodo mai kwala-kwalan idanu ya sungume ta. Sai ka ce rashin iska maza kaɗai ya ke kashewa! Alhali kuwa ba a daɗe ba, a 1963, Valentina Tereshkova ta kewaya duniya ita kaɗai a cikin kumbo. Mugu kuma sau da yawa kamannin mutanen Asiya a ke ba shi, kamar Ming na labarin Flash Gordon wanda ya fara fitowa a 1934. Baƙar fata kuwa, sai ka juya banguna ɗari ba ka gamu da shi ba, ko a mugun.

Uzurin da a ke saurin kawowa shi ne wai zamaninsu ne. Da na so in karɓa, don in huta. Abin da ya hana ni shi ne wani ɗan labari cikin zane mai suna Judgment Day, wanda kamfanin EC ya buga a 1953. Wani ɗan sama jannati ya ziyarci duniyar mutum-mutumi, ya tarar masu ruwan lemo sun danne shuɗɗa alhali ƙirarsu ɗaya ce, sai ya ƙi shigar da su cikin tarayyar duniyoyi. A hoton ƙarshe ya cire hularsa, sai ga shi baƙin mutum. Da aka zo sake buga labarin a 1956, shugaban hukumar tace irin waɗannan littattafai, Charles Murphy, ya nemi a sake mutumin. Mai kamfanin, William Gaines, ya ƙi, aka buga shi yadda ya ke. Ke nan a wannan zamanin akwai wanda ya gani, akwai kuma wanda ya ce a rufe. Titan tana can nesa, sai da kumbo aka san ta. Baƙin mutum kuwa yana nan bakin titin New York, mai zane yana wuce shi kullum a hanyar zuwa ofis. Marubuci Samuel Delany ya ba da labarin yadda a 1967 edita John W. Campbell ya ƙi buga littafinsa Nova a mujallarsa, bisa dalilin wai masu karatu ba za su karɓi baƙin jarumi ba. Har a 1987, da littafin Octavia Butler mai suna Dawn ya fara fitowa, Baturiya aka zana a bango, alhali jarumar labarin baƙa ce. Wannan ba rashin sani ba ne, lissafin kasuwa ne.

Ga inda abin ya ɗaure mini kai. Bangon da na fi so duka ya fito ne a mujallar shi wannan Campbell, watau Astounding ta watan Oktoba 1953. Kelly Freas ya zana wani ƙaton mutum-mutumi riƙe da gawar mutum a tafin hannunsa, jini a yatsansa, fuskarsa kamar ta yaron da ya fasa tulu yana neman wanda zai gyara. Mawaƙan Queen ma sun sa an sake zana musu shi a bangon faifansu na 1977. Ban taɓa ganin hoton da ya bayyana ƙarfi marar wayo kamar wannan ba. In jefar da shi saboda editan? Ba zan iya ba, kuma in na ce na daina jin daɗinsa na yi ƙarya. Abin da na gaya wa 'yar ajinmu shi ne, ido ya ce abu ya yi kyau ba shi ne shaida a gaban alkali cewa mai abin adali ne ba. Laifin yana zuwa ne sa'ad da kyan hoton ya sa na yi shiru a kan wanda aka cire, ko na ƙirƙiro wa mai cirewar uzuri don kada daɗina ya ragu. Ita kuwa ta ce wannan dabara ce ta wanda ya riga ya biya kuɗin littafi. Watakila da gaskiyarta.

Mu ma dai ba a bar mu a ƙasa ba. A 1969, shekarar da aka sauka a wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda ya ɗauki yaro Kilba ya kai shi sama tare da Kolin Koliyo, bai jira izinin wani edita na Amurka ba. Da na kawo mata wannan ina jin na yi nasara, sai ta miƙo mini takarda da fensir, ta ce in zana mata Kano bayan shekara ɗari, ita kuma za ta ƙirga mata nawa na sa a kujerar tuƙi, da almajirai nawa, da Maguzawa nawa. Na ce mata ban iya zane ba. Ta ce ba kome, in rubuta sunayensu kawai, kuma za ta zo karɓa ranar Litinin bayan lacca.