Daren da mu ka nemi ɗan kwikwiyo a Watari

Mai karatu, wannan watan ba sharhin fim na kawo maka ba, sai ka yi mani uzuri kamar yadda Edita ya yi. Wani abu ne ya same ni a garin kakannin na na wajen uwa, can gefen Dam ɗin Watari a Ƙaramar Hukumar Bagwai, wanda tun da na dawo Kano ya hana ni sakat. Abin dariyar, ko abin kunyar a wurin wasu, shi ne a kan kare ne. Ba ma ƙaton kare ba, ɗan kwikwiyo ne da bai fi wata uku ba.

Da kaka na je, an gama girbin gero, dawa kuma ta fi mutum tsawo. Wani darakta aboki na ne ya roƙe ni in dubo masa lokeshin a bakin ruwa inda za su ɗauki waƙa. Ɗan Kawu na, yaro ɗan shekara 11, ya ce zai raka ni. Ya fito riƙe da kwikwiyon sa baƙi wuluk, wai shi Duna, da igiyar rama a wuya. Kawu ya bar shi ya ajiye shi ne don in ya girma ya riƙa gadin awaki da rumbu.

Mun yi nisa a hanyar da ta bi gefen magudanar ban-ruwa, na ga kare na ja yaro na ja, igiya na neman shaƙe shi. Sai tausayi irin na 'yan birni ya motsa mani. Na ce, "Haba, kwance shi mana ya sha iska. Ina za shi?" Yaron ya ce, "Yaya, bai san hanya ba tukuna." Na ce kare ai ba ya ɓata, ko a fim ba ka gani? Wallahi haka na ce masa. Ya dube ni, ya kwance, don babba ya yi magana. Ba a yi minti goma ba wani manomi a bayan mu ya tayar da injin ban-ruwa ya na gwaji saboda noman rani, injin ya buga wata ƙara kamar an harba bindiga. Kafin mu waiga Duna ya faɗa cikin dawa.

Wanda bai san ƙasar nan ba zai ɗauka daji mu ka shiga. Babu daji a wajen. Daga Kano har Bichi har Bagwai, da wuya ka taka wurin da ba gonar wani ba ce. Gona na manne da gona, gida na hango gida, sai gawo da ɗorawa da kuka jefi-jefi, kowace bishiya da mai ita. Da farko wannan ya kwantar mani da hankali, na ce ina zai ɓuya a inda ko'ina mutane ne? Daga baya na gane mutanen su ne haɗarin. Baƙon kare da ya ɓullo a bayan gida, jela a matse, ya na haki, ya na gudu ba ya kallon kowa, sunan sa mahaukacin kare, kuma dutse da sanda su ne gaisuwar sa. Ba zan ce mutane mugaye ba ne don sun yi haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kusan duk a Afrika da Asiya, da yawan su yara ne, kuma da zarar alamun sa sun bayyana a jikin mutum sai dai wani ikon Allah. Duna ko allurar rigakafi ba a yi masa ba. Uban da ya ɗauki dutse 'ya'yan sa ya ke karewa.

Mu ka shiga nema irin na waɗanda ba su iya ba. Mu na ƙwala kira, mu na tafi, mu na fito. Yara su ka taru, kusan goma sha biyar, kowa ya samu abin yi, su ka bazu cikin gonakin mutane su na ihun "Duna! Duna!" Sau biyu aka hango shi, sau biyun kuma aka bi shi da gudu, ya ƙara nisa. Yaron kuwa bai yi kuka ba, bai kuma ce mani komai ba. Igiyar ce kawai a hannun sa, ya na naɗe ta ya na warwarewa. Da ma ya zage ni da ya fi mani sauƙi.

Bayan magariba mu ka ari tocila mu ka koma. A ƙofar wani masallaci wani magidanci ya tare ni, ya tambayi abin da mu ke nema. Na faɗa masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Samari, ka san abin da aka taɓa nema da fitila a bakin ruwan nan?"

Na sani. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin ruwan da ya taso daga Badau ya nufi Bagwai ya kife a wannan dam ɗin, aƙalla mutum 29 su ka rasu, akasarin su yara 'yan Islamiyya da za su wajen Mauludi. Mutanen yankin sun san abin da ake kira nema cikin dare. Ga kuma wani ɗan birni da jakar kyamara ya tayar da unguwa a kan ɗan kare. Ban samu amsar da zan ba shi ba, na ce, "Haka ne Baba," na wuce. Amma maganar ta bi ni, kuma ita ce dalilin wannan rubutu.

Ka lura, bai ce mani kare najasa ba ne. Da wannan ya ce da na samu abin faɗa, don duk da ni ba malami ba ne, na zauna a zaure. A mazhabar Malikiyya da mu ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki kuma malaman mu sun ɗauke shi a matsayin bin umarni kawai. An yarda a ajiye kare don farauta da kiwo da gadin gona. Suratul Ma'ida ta halatta abin da dabbar farauta mai horo ta kamo, Suratul Kahfi ta ambaci karen samarin nan a bakin kogo. Bukhari da Muslim sun kawo labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu da yunwa. Har malamai na ba da labarin cewa Ibn Abi Zaid, mai Risala da mu ke karantawa, ya taɓa ajiye karen gadi a gidan sa a Ƙairawan. Yawancin ƙyamar da mu ke wa kare daga al'ada ta zo, al'adar da ta mai da sunan sa zagi, sannan ta koma ta na yabon sa a karin magana, wai karen bana shi ke maganin zomon bana.

Abin da magidancin nan ya ɗaga ya fi wannan nauyi. Maganar ma'auni ya ke yi: a ƙasar da ake neman mutane ba a gan su ba, a ƙasar da ake kwana da yunwa, wane irin mutum ne zai ɓata dare a kan kwikwiyo? Kuma ya na da gaskiya a rabi. Ran kare dubu bai kai na yaro ɗaya daga cikin yaran jirgin nan ba, duk wanda ya daidaita su a kai shi asibiti. Ni ma na kan ji haushi idan na ga a intanet an yi wa kare bikin zagayowar ranar haihuwa da kek, alhali mai gadin gidan bai karɓi albashi ba. Akwai son dabba da ke zama mafaka ga wanda ya gaji da haƙƙin mutane, don kare ba ya roƙon bashi, ba ya gulma, ba ya kawo maka takardar asibiti.

To amma da na tambayi kai na, a wannan daren wa na hana wa taimako don ina neman Duna? Babu. Da ban fita ba, tabarma zan shimfiɗa in yi ta latsa waya. Sau da yawa idan mu ka ce "ga mutane na wahala ka na ta kare," ba wajen mutanen mu ke tafiya ba, kwanciya mu ke komawa. Mu na amfani da babbar masifa ne mu yafe wa kan mu ƙaramin haƙƙi. Ban ce haka magidancin nan ya ke ba, shi ciwo ne ya yi magana a bakin sa. Kai na na ke faɗa wa, don a lokacin da ya yi maganar wani sashe na zuciya ta ya yi murna, ya ce ga hujjar komawa gida ta samu.

Kuma gaskiyar ita ce ba tausayi ne ya hana ni komawa ba. Tausayin ne ma ya jawo abin tun farko, irin tausayi mai arha wanda ba ya tambayar mai abu, ya ga igiya ya ce zalunci ce. Yaron da ke ba shi abinci kullum ya san igiyar nan ita ce tsaron sa har ya san hanya, ni da na zo jiya na ɗauka na fi shi jinƙai. Abin da ya tsayar da ni bashi ne. Da baki na aka kwance igiyar. Tausayi ka na iya yi ka na iya bari, ba wanda zai kama ka, amma abin da ka ɓata da hannun ka ya zama haƙƙi a wuyan ka, ko na mutum ne ko na dabba. Kawu, don ya sauƙaƙa mani, ya ce a bar shi haka, karyar maƙwabta ta kusa haihuwa, za a karɓo wani. Na ga yadda yaron ya sunkuyar da kai. Da na yarda, da na koya masa cewa babba zai iya yin kuskure ya share da "a kawo wani," kuma abin da ka raina da hannun ka kamar batirin tocila ne, in ya mutu a sauya. Yaron da ya koyi haka a kan kare ban san a kan wa zai gwada shi ba in ya girma.

Wajen ƙarfe tara Kawu ya kai mu wurin wani tsohon mafarauci da ya daina fita. Ya saurare mu, ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ɗan nan, ku ne ku ka kore shi. Karen da ya firgita ba ya jin sunan sa, ƙara kawai ya ke ji. Duk wanda ya nufo shi a tsaye kura ce a wurin sa, ko da uban gidan sa ne." Ya ce a sallami yaran nan duka. A koma daidai inda aka kwance shi, yaron ya tuɓe rigar da ya wuni da ita ya ajiye a ƙasa, a sa ruwa a kasko da ɗan tuwo, a tafi. In dare ya yi tsit, hancin sa zai yi aikin da kunnen sa ya kasa. In kuma an gan shi kada a kira, kada a zuba masa ido, a zauna a ƙasa a juya masa gefe.

A nan ne mai sharhin fim ya ji kunya ta biyu. Duk abin da na sani game da kare a allo na koye shi. A Teri Meherbaniyan na 1985 karen Jackie Shroff ne ya ɗaukar wa uban gidan sa fansa. A Hum Aapke Hain Koun na 1994 kare ne ya kai wasiƙa hannun da ya dace aure ya gyaru. Hachiko na Japan ya yi kusan shekara 10 ya na zuwa tashar jirgin Shibuya jiran mai shi da ya mutu a 1925, aka yi masa fim a 1987, Amurkawa su ka sake a 2009 da Richard Gere. Duk labarin amanar da kare ya riƙe wa mutum ne, kuma mu na son su ne don su na faranta mana, su na nuna mun cancanci a mutu a kan mu. Fim ɗin da ya juya kyamara ya tambayi amanar da mutum ya riƙe wa kare kaɗan ne. Wanda na fi tunawa shi ne Umberto D. na Vittorio De Sica, 1952, inda tsoho ɗan fansho da ba shi da kuɗin haya ya ke rige-rige zuwa inda hukuma ke kashe karnukan da aka kama a titi don ya ceto nasa. A finafinan mu kuwa kare bai samu ko wannan matsayin ba, haushin sa kawai ake sakawa a bayan fage don a nuna dare ya yi ko ɓarawo ya shigo.

Mu ka yi yadda tsohon ya ce. Ban yi barcin kirki ba, ina ta jin haushin karnuka daga nesa ina cewa ko shi su ka samu. Ana idar da sallar asuba yaron ya riga ni fita, na bi shi a baya. Raɓa ta jiƙa mana wando har gwiwa. Da mu ka kusa ya ɗaga mani hannu alamar in tsaya, na tsaya, wannan karon ban yi gardama ba.

An cinye tuwon, an kifar da kaskon. Duna na kan rigar a dunƙule, jikin sa duk ƙarangiya, ƙafar sa ɗaya ta baya da jini ya bushe, ga alama dutsen wani ya same shi. Ya ɗago kai ya yi gurnani. Yaron ya zauna a ƙasa ya juya masa gefe ya na wasa da ƙasa da yatsa, kamar bai gan shi ba. Sun fi minti ashirin a haka. Sai kwikwiyon ya taso ya na ɗingishi, ya shinshina ƙafar sa, ya cusa kai cikin cinyar sa. Yaron ya zaro igiyar ramar daga aljihu ya ɗaura masa, ya yi ƙulli biyu.

Kafin in taho na bar wa Kawu kuɗin allurar rigakafi da na maganin ƙafar. Da na kira bayan sati biyu aka ce ɗingishin bai tafi ba, wataƙila ma ya zauna kenan. Lokeshin kuwa ban samo ba, darakta ya ɗauki waƙar sa a wani lambu cikin gari.