Ƙa'idar Ido da Ƙa'idar Mutunci

Mai hoton da ya koya mini sana'a a Gumel ya ba ni ƙa'idoji uku: rana ta kasance a bayanka, mutum ya tsaya a tsakiya, kada kuma ka ɗauke shi sai ya shirya. Na riƙe su shekaru, har wata Alhamis a kasuwar dabbobi ta Maigatari.

A can na hangi wani dattijo yana shafa wuyan bijiminsa, dillali na ƙirga kuɗi. Rana na gabana, ƙura ta turnuƙe. Na ɗauka, na karya ƙa'idojin uku lokaci guda, hoton kuwa ya fi duk nawa rai.

Amma shin nauyinsu ɗaya ne? Biyun farko na ido ne, fasaha kan ci gaba idan aka saɓa musu. Malick Sidibé na Bamako ya bi matasa wuraren rawa da kyamararsa, har aka karrama shi a Venice a 2007. Ta ukun ta mutunci ce. Bahaushe kan sa babbar riga, ya gyara hula, domin ya zaɓi yadda jikokinsa za su gan shi. Na ƙwace wa dattijon wannan zaɓi ranar da ya fi bukatar sutura.

Na bi shi na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, bijimin ya fito da kyau. Ni dai cire ni."

Na goge hoton. Har yau ina kewarsa, amma ban yi nadama ba.