Ruwa Gangare Yake Bi, Mutum Fa?

Duk wanda ya san Jos ya san ba a banza aka raɗa wa Gangare sunanta ba. Tsohuwar unguwa ce da ta taso tun zamanin haƙar kuza, lokacin da leburori da 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa kan dutse neman abin sakawa a bakin salati, kuma tana zaune ne a inda ƙasa ta sunkuya, inda ruwan tudu yake bi in ya sauko. A watan Yuli na 2012, azumi bai daɗe da kamawa ba, aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya, rafi ya cika ya tumbatsa, ya ratsa Rikkos da Gangare, ya rushe gidaje, ya tafi da rayukan mutane fiye da 30, har da ƙananan yara. A irin wannan zaman makoki, abin da Musulmi da Kirista suke faɗa ɗaya ne: haka Allah ya so. Amma da an share hawaye sai wasu tambayoyi su taso. Wa ya yi gini a hanyar ruwa? Wa ya cika magudana da shara? Wa ya ga alama ya yi shiru? Baki ɗaya ne yake furta maganganun nan biyu, mai furta su kuma ba ya jin ya yi tufka da warwara. A tsakaninsu ne muhawarar da Kirista suka shafe fiye da shekara 1,600 suna yi a kan ceto take kwance: in Allah ne mai iko a kan kome, ina rabon mutum a cikin tsirarsa ko halakarsa?

Jos ta fi yawancin garuruwan Arewa cancantar ta saurari wannan muhawara, domin a nan aka jibge kusan dukan ɓangarorinta. Mishan ɗin SIM, wadda aka kafa a 1893, a Jos ta yi babban mazauninta, daga cikinta kuma ECWA ta fito a 1954. Mishan ɗin SUM, wadda Karl Kumm ya kawo ƙasar nan a 1904, ita ta haifi COCIN da wasu 'yan'uwanta da suka haɗu a ƙarƙashin TEKAN. A Bukuru akwai kwalejin tauhidi ta TCNN, inda magadan Luther da na Calvin da na Wesley suke karatu a aji ɗaya, Katolika kuma suna da babbar makarantar horar da limamansu mai ɗauke da sunan Augustine. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, da kalmomin da kowa ya sani ake wannan gardama: Allah, alheri, zunubi, tuba, ceto, ƙaddara. Abin da nake so in tsayar a nan shi ne, alherin Allah ne yake fara aikin ceto kuma shi yake ɗauke da shi har ƙarshe, amma ba ya jan mutum da igiya a wuya. Amsar mutum amsa ce ta gaske, ƙin sa ma ƙi ne na gaske, kuma duk koyarwar da ta soke wannan tana taɓa halin Allah kafin ta taɓa darajar mutum.

Mafarin rigimar a Afirka yake. Augustine, bishop ɗin Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya ta yau, ya rayu daga 354 zuwa 430. A zamaninsa wani malami mai suna Pelagius, wanda ya ga lalacewar ɗabi'a a birnin Rum ta dame shi, ya koyar cewa tun da Allah ya umarci mutum da yin nagarta, to mutum yana da ƙarfin yi, babu wani uzuri. Augustine ya ce a'a, zuciyar ɗan Adam ta riga ta karkace, ya san daidai amma ƙafarsa tana kai shi wani wuri, kuma sai alheri ya riga shi motsi kafin ya iya ko da marmarin tuba. Taron bishop-bishop na Carthage a 418 ya bi bayan Augustine. A nan gaskiya tana tare da shi, kuma ba sai an je aji ba kafin a gane. Mashayin da ya rantse sau goma ya koma sau goma sha ɗaya ya sani. Mai riƙon da ya yi shekara yana so ya yafe ya kasa ya sani. Zuciya, in an bar ta da halinta, gangare take bi kamar ruwa, ba a kuma taɓa ganin ruwa ya hau tudu don kansa ba. Wa'azin da yake cewa mutum ya ɗaure ɗamara kawai ya ceci kansa yana ɗora wa gurgu kayan da mai ƙafa ma bai iya ɗauka ba.

Inda hanya ta rabu shi ne mataki na gaba. A 1524 Erasmus ya rubuta yana kare 'yancin zaɓi, Martin Luther ya mayar masa da martani mai zafi a 1525 cewa nufin mutum a ɗaure yake. John Calvin na Geneva ya kai maganar ƙarshenta: tun kafin halitta Allah ya ƙaddara wasu ga rai, wasu ga halaka. Jacob Arminius, malami a Holan wanda ya rasu a 1609, ya ce alheri yana zuwa wa kowa kuma ana iya bijire masa, amma taron Dort na 1618 zuwa 1619 ya yi watsi da ra'ayin almajiransa, sai daga baya John Wesley ya sake ɗaga shi a Ingila. A nan ne misalin ruwa yake karyewa. Ba wanda ya taɓa kai ambaliya gaban alƙali, domin ruwa ba shi da zaɓi, amma Littafi Mai Tsarki daga farko har ƙarshe yana kiran mutum, yana gargaɗinsa, yana tuhumarsa. Annabi Ezekiyel ya nuna Allah ba ya jin daɗin mutuwar mugu, ya fi son ya juyo ya rayu. Wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Timoti ta bayyana nufin Allah na ceton dukan mutane. A cikin Matiyu, Yesu ya yi makokin Urushalima, ya kwatanta kansa da kaza mai son tattara 'yan tsakinta, ya kuma ɗora laifin a kan ƙin da mutanen suka yi. In tun azal aka rufe musu ƙofa, wannan makoki ya zama na me? Uban da ya kulle ɗaki ya ɓoye mabuɗi, sannan ya tsaya a waje yana kiran ɗansa ya fito, ba za mu ce masa mai ƙauna ba.

Masu ra'ayin Calvin suna da amsa, kuma ba ta rainawa ba ce. Suna cewa in mutum yana iya cewa a'a ga Allah, to ikon Allah ya ragu, halitta ta rinjayi Mahalicci. Suna kawo babi na 9 na Romawa, da misalin maginin tukwane da yumɓu, da labarin Fir'auna wanda aka taurare zuciyarsa. Sai dai wanda ya karanta Fitowa a tsanake zai ga littafin wani lokaci yana cewa Allah ya taurare zuciyar Fir'auna, wani lokaci kuma yana cewa Fir'auna ne ya taurare tasa, kamar ana nuna mana cewa wanda ya yi nisa ba ya jin kira, har a kai ga Allah ya bar shi da abin da ya zaɓa. Bulus kuma bai tsaya a babi na 9 ba, ya kai hujjarsa babi na 11, inda ya rufe ta da jinƙan Allah a kan kowa. Game da iko kuwa, sarkin da bai iya mulki ba sai ya ɗaure talakawansa duka, raunin sarautarsa yake nunawa. Mafi girma shi ne wanda ya sakar wa bayinsa mara, suka yi ta kai-kawo, amma nufinsa na ƙarshe bai kuɓuce masa ba. In Allah da kansa ya ga dama ya halicci abin da zai iya ƙin sa, wannan ma ikonsa ne, ba wanda ya ƙwace masa. Uban ɗan nan ɓatacce na babi na 15 na Luka yana da ikon hana shi tafiya, ya bar shi ya tafi, ya kuma hango shi tun daga nesa ranar da ya dawo.

Ƙalubale na biyu ya fi zurfi. Allah ya san gobe kamar yadda ya san jiya, abin da ya sani kuwa ba makawa sai ya faru, to ina zaɓin? Tsohuwar amsa ita ce sani daban, sawa daban. Wanda ya hau dutsen Shere yana hango matafiyi ya ɗauki hanyar da za ta ɓatar da shi, ganinsa bai tura ƙafar matafiyin ba, Allah kuma da yake ba ya cikin ƙangin lokaci yana ganin jiya da yau da gobe a shimfiɗe gaba ɗaya. Mai jayayya zai ce Allah ba ɗan kallo ba ne, shi ya yi dutsen da hanyar da matafiyin. Gaskiya ne, kuma a nan hankalin ɗan Adam yake kai iyakarsa, ko wane ɓangare ya ɗauka. Amma tun da dole ne a bar wani abu a matsayin asiri, sai a zaɓi inda za a bar shi. Ko dai mu ce ba mu gane yadda ikonsa yake tafiya tare da zaɓinmu ba, ko mu ce ba mu gane yadda yake mai adalci alhali ya halicci wasu don wuta ba. Na farko jahilcinmu ne game da aikinsa, na biyu kuwa shakka ce a kan halinsa. Mai bi yana iya rayuwa da na farko har ya tsufa, amma na biyu yana cin addu'a daga tushe.

Sai kuma tsoron fahariya: in mutum ne ya amsa, ba zai bugi ƙirji ya ce da hannunsa a cikin cetonsa ba? Wanda ambaliya ta ja, aka jefa masa igiya ya kama, ba ya fitowa yana yabon yatsunsa, mai igiyar yake yi wa godiya har ya mutu. Karɓar kyauta ba ta mai da ita lada, kuma ƙarfin kamawar ma alheri ne ya ba shi, shi ya sa wasiƙar Filibiyawa ta haɗa abu biyu a numfashi ɗaya, cewa mai bi ya himmatu ga cetonsa domin Allah ne yake aiki a cikinsa. Adalci kuma ya sa a faɗa cewa magadan Calvin ba su zama malalata ba. Taron Dort da kansa ya ce a yi wa kowa shelar bishara ba tare da bambanci ba, kuma 'yan mishan masu wannan aƙida ne suka shiga ƙasar Tibi a 1911, aikin da ya haifi cocin NKST. Amma wannan yana ƙara wa hujjata ƙarfi ne. A kan mumbari, mai wa'azin da ya fi kowa riƙo da ƙaddara yana roƙon masu sauraro su tuba kamar dai kowannensu yana iya tuba. Abin da yake yi da bakinsa ranar Lahadi ya fi abin da ya rubuta a littafi kusa da gaskiya.

Musulmin Gangare da zai ji wannan gardama ba zai ji ta baƙuwa ba. A ƙarnonin farko na Musulunci an yi Jabariyya da suka ce bawa kamar gashin tsuntsu yake a cikin iska, an yi Ƙadariyya da Mu'utazila da suka ce bawa ne mai ƙaga aikinsa, sai Abul Hasan al-Ash'ari ya zo da maganar kasabu, wato Allah ke halittar aiki, bawa kuma yana ɗaukar alhakinsa. Bambancin addinan biyu a kan gicciye da Allah-uku-cikin-ɗaya da hanyar samun gafara babba ne, ba kuma mutunci ba ne a yi kamar babu shi. Amma a wannan gaɓa dukansu sun yi karo da dutse ɗaya. Hausa ma ta riƙe bakin zaren biyu tun da daɗewa: ita ce ta ce zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi, ita ce kuma ta ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Kakanninmu ba su jefar da ko ɗaya ba.

Abin da ya sa maganar nan ta fi ƙarfin aji shi ne tarihin garin kansa. Jos ta ga rikicin Satumba ta 2001, ta ga na Nuwamba ta 2008, ta ga na Janairu ta 2010, unguwanni suka rabu, maƙwabta suka zama baƙin juna. Duk wanda ya ɗauki adda a waɗannan ranaku yana iya cewa shaiɗan ne, ko zuga ce, ko haka aka rubuta. Amma a watan Yuni na 2018, a ƙauyen Nghar na ƙasar Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya buɗe masallacinsa da gidansa ya ɓoye mutane fiye da 200, yawancinsu Kirista, ya tsaya a gaban mahara ya ƙi ba da su. Tsoron da ya kama kowa shi ma ya kama shi, ƙofar nan kuma yana iya barinta a rufe. Kirista zai ce alherin Allah ne ya motsa dattijon, Musulmi zai ce Allah ne ya yi masa gam-da-katar, dukansu kuma sun yi gaskiya. Duk da haka muna yaba masa, kuma yabon ba kuskure ba ne, domin hannunsa ne ya zare sakata. In yabonsa ya halatta, to tuhumar wanda ya kunna wuta ma ta halatta, ba kuma wanda zai ɓuya a bayan ƙaddara.

Saboda haka mai bi ya ce haka Allah ya so a bakin kabari, ya faɗe ta da dukan zuciyarsa, domin a can ta'aziyya ce ta gaskiya, shaida ce cewa ko mutuwa ba ta fita daga hannun Mai Jinƙai ba. Amma kada ya faɗe ta a bakin magudanar da ta toshe, ko a gaban zunubin da ake kiransa ya bari, ko a ranar da maƙwabci yake buga masa ƙofa cikin dare. Damina za ta sake zuwa Gangare, ruwa kuma zai bi inda ya saba bi, ba za a tambaye shi dalili ba. Mutum ne aka miƙa wa igiya, shi ne kuma za a tambaya abin da ya yi da hannunsa.